Hoton da Muka Nemi Baba da Shi

Ina ɗakin kwamfutoci na sashenmu a jami'a lokacin da Yaya ya kira ni. Hantsi ne, ana irin yayyafin nan na tsakiyar damina wanda in ya fara a Jos sai ya wuni bai ɗauke ba. Ban amsa kiran farko ba, domin akwai ɗalibai zaune a gabana ina nuna musu hotuna suna ba su maki. Da ya sake kira sai na fita baranda.

"Baba yana wajenki?"

"Wajena kuma, Yaya? Me zai kawo shi makaranta?"

"To ba ya gida. Tun da aka idar da sallar asuba ba wanda ya sake ganinsa. Mun duba masallaci, mun duba layin nan kaf. Ki taho."

Mahaifinmu direban babbar mota ne. Rabin rayuwarsa a kan hanya ya yi ta, yana kwasar dankalin turawa da kabeji daga ƙauyukan Filato zuwa Kano da garuruwan kudu. Bayan ya ajiye tuƙi ne mantuwa ta fara shigarsa. Da fari sunayen jikoki ke ɓace masa, muna dariya. Ranar da ya dubi Inna, mahaifiyarmu, ya tambaye ta ko maigidanta yana nan, daga ranar dariya ta ƙare. Inna ta koma kulle ƙofar zaure, wani maƙwabcinmu kuma shi ke raka shi masallaci ya dawo da shi. A ranar maƙwabcin ya yi tafiya. Baba ya samu ƙofa a buɗe, ya bi sahun mutane, aka yi salla da shi, kowa ya ɗauka wani ne zai mayar da shi gida. Wanda ya san unguwarmu, Gangare, ya san lungunanta. Mai cikakken hankali ma in baƙo ne sai ya yi tambaya kafin ya fita.

Ni a lokacin ina digiri na biyu, kuma aikina a kan matse hoto ne. Hoton da aka tura ta waya, manhajar takan rage masa nauyi kafin ya tafi don kada ya cinye data. Tana yanka shi ƙananan murabba'ai, a kowanne ta riƙe abin da ya fi fitowa fili, ta zubar da ƙananan abubuwan da ake ganin ido ba zai yi kewarsu ba. Abin da ta zubar kuwa ya tafi ke nan. Tambayar da nake bi ita ce yadda za a auna wannan ɓarna da lamba, ta yadda lambar za ta zo daidai da abin da idon mutum yake gani. Akwai ma'auni mai sauƙi da ke jera hoton asali da matsattsen, ya bi su ɗigo-ɗigo yana lissafa bambanci. Akwai wanda ya fi shi, mai duba haske da duhu da tsarin layukan da ke cikin hoton. Su biyun nan ba sa aiki sai da hoton asali a hannu. Na ukun ba ya buƙatar asali, yana duba hoton shi kaɗai ya faɗi ko ya yi kama da lafiyayyen hoto. Malamin da ke duba aikina yakan ce Bahaushe ya riga mu, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, mu namu aikin mu ƙera mudun. Hotunan gwajina na furanni ne da gine-gine da fuskokin mutanen da ban taɓa sani ba.

Na tarar da gidanmu cike da mata, Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta. Yaya ya je ofishin 'yan sanda, ya je gidan rediyo ya ba da cigiya. Ko'ina aka je magana ɗaya ce: ku kawo hoto.

Baba ba ya son hoto. Ba don wani dalili na addini ba, cewa yake aikin 'yan gayu ne. In aka ɗaga waya sai ya juya ƙeya. Muka zazzage akwatinsa, ba mu samu komai ba sai na tsohon lasisin tuƙi, yana da baƙin gemu da cikakkun kumatu, mutumin da ko mu da kyar muke tuna shi. Can sai matar Yaya ta tuna da ranar sunan ɗansu na ƙarshe. Wani ya ɗauki maza zaune a ƙarƙashin rumfa, an tura a guruf ɗin dangi. Ta nemo shi. Baba yana can gefe a kan farar kujerar roba, kansa bai kai girman ƙwayar gyaɗa a fuskar wayar ba. Na zuƙo hoton da yatsu biyu. Hula ta fito, farin gemu ya fito, tsakaninsu kuwa sai murabba'ai masu launin ƙasa, jere kamar bulo.

Baba yana da tabo da ya raba girarsa ta hagu biyu, tun wani hatsari da ya yi muna yara, fatar idon kuma ta ɗan sauko. Duk wanda zai kwatanta shi da wannan yake farawa. A hoton babu komai a wurin sai ɗan duhu.

Yaya ya karɓi hoton ya fita. Da la'asar ya dawo da damin fosta daga wani shagon buga hotuna. An sa hoton a wata manhaja mai gyara tsofaffin hotuna, ta fitar da fuska tas, ana iya ƙirga gashin gemu. Dattijo ne kyakkyawa, idanunsa biyu a buɗe daidai wa daida, girarsa sumul.

Na ce, "Yaya, wannan ba Baba ba ne."

"In ba Baba ba ne wane ne? Ga hularsa, ga rigarsa."

"Manhajar ba ta san shi ba. Inda ta tarar babu komai, ƙirƙira ta yi ta cike. Ina tabonsa?"

"Ke, mutum ya ɓata kina zancen tabo? Wannan dai ana ganin fuska. Wancan ko ni da ya haifa ban gane shi ba."

A nan kam ya yi gaskiya. Na buɗe kwamfutata na sa hotunan biyu a ma'auni na uku, shi kaɗai ne zai yi aiki tunda babu asali. Ya ba gyararren hoton maki mai yawa, ya jefa ɗayan can ƙasa. Ba laifinsa ba ne. An gina shi ne ya faɗi ko hoto ya fito da kyau, ba a gina shi ya faɗi ko mutumin ciki ubana ne ba. Inna ta miƙo hannu ta karɓi fosta ɗaya, ta kai ta kusa da idonta, ta shafa fuskar da tafin hannu, ta ce, "Allah ya bayyana mana kai." Daga nan na bar gardamar. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Aka manna fostocin a tashoshin mota, a bakin kasuwa, a ƙofofin masallatai, daga Gangare har Dutse Uku da Nasarawa Gwom. Ruwa yana wanke su, ana sake mannawa. Aka tura hoton a duk guruf ɗin da muka sani. Washegari waya ta fara ƙara, kuma ba ta huta ba. Ashe garin nan cike yake da dattawa masu farin gemu da hula, kuma hoton nan ya yi kama da kowannensu. Muka je wata tasha aka nuna mana wani tsoho mai sayar da goro, ya tashi yana faɗa, yana cewa shi ya yi kama da ɓatacce? Muka je wata unguwa muka tarar matasa sun tsare wani bawan Allah a bakin shago, 'ya'yansa sun fito za a yi rigima, sai da Yaya ya yi ta ba da haƙuri. Kowane kira sai mu tari keke, mu je, mu dawo. In mun shigo zaure Inna ba ta tambaya, fuskokinmu kawai take dubawa.

Abin da ya fi cin raina sanyi ne. Baba ya fita da jallabiya mara nauyi da silifas. Rigar sanyinsa tana nan rataye a ƙusa bayan ƙofa. A makon nan har ƙanƙara aka yi, ina jin ta tana dukan kwano ina lissafin inda zai fake. Inna ta daina cin abinci, sai ruwan shayi in an matsa mata. Ta hana a rufe ƙofar zaure, ƙofar da ta yi shekaru tana kullewa. Wani daga cikin masu zuwa jaje ya ambaci kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a bayan gari, aka yi masa tsawa, amma maganar ta riga ta fita. Yaya ya kwashi abokansa suka yi ta zagaya bakin ruwa suna duba ko za su ga silifas.

Sai aka kira daga wani asibiti. An kawo gawar wani dattijo da aka tsinta a gefen titi, babu wanda ya zo nemansa, wani ma'aikaci ya ga hotonmu ya ce kamar shi ne. Ba mu gaya wa Inna ba. Yaya ya ce in tsaya a waje, na ƙi. Har yau ina jin warin ɗakin nan a maƙogwarona. Ma'aikacin ya yaye zanen daga kai zuwa wuya. Ban dubi komai ba sai girar hagu. Sumul take. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, sannan kunya ta kama ni, domin wannan ma uban wasu ne, kuma su ba su ma san inda yake ba. Da muka fito Yaya ya tsuguna a jikin bango ya rufe fuskarsa da hula. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar.

A hanyar komawa na ce masa, "Wani ne ya ɗauki hoton nan da wayarsa. A wayar tabon yana nan."

"Wa zai tuna wanda ya ɗauka? Mutane nawa ne a wajen sunan?"

"Ka bar ni in gwada."

Na bi dangi da maƙwabta gida-gida da kwamfuta a jaka. Ban yarda kowa ya turo mini ba, don kada a sake matse shi. Da igiyar caji nake kwafowa daga kowace waya. Hoto ɗaya ne, amma kowa da irin nasa. Wasu turo musu aka yi, wasu hoton fuskar waya suka ɗauka, wasu daga shafin wani suka sauke. Kowace hanya da abin da ta ci. Na zauna a ɗakin Inna na jera su, ina auna yadda gefunan murabba'an suka fito a kowanne, domin hoton da ya fi shan matsa shi ne bulonsa ya fi bayyana. Suka jeru daga mafi lalacewa zuwa mai dama-dama. Mai dama-daman daga wayar ƙanwar matar Yaya ya fito. Ta ce ita ba ta tuna ba. Muka zauna muka yi ta ja da tsofaffin saƙonninta baya, har muka kai ranar sunan. Sista ce ta turo mata.

Sista ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, a layinmu aka haife ta, kowa da sunan aikinta yake kiranta. Sun tashi daga unguwar ne a shekarun rikicin da ya raba garin, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Ita da matar Yaya ƙawaye ne tun firamare, shi ya sa ta zo sunan. Na kira ta. Ba ta ma ji labarin ɓatan Baba ba.

Ta ce, "Wayyo Allah, Baba? Ƙanwata, wayar nan na daɗe da canza ta, ta faɗi ta fashe. Amma ban yar ba, ina jin tana cikin durowa. Taho yanzu mu duba."

Mai keken da na hau ya sauke ni a mararraba, ya ce shi iyakarsa ke nan. Na ƙarasa da ƙafa cikin ruwa, hijabina ya jiƙe ya manne mini. Rabona da wannan ɓangaren na gari tun ina yarinya. Mutane suna kallona daga ƙarƙashin rumfunan shaguna, ni ma ina kallon ƙasa. Ban yi nisa ba na hango Sista tana tahowa da lema, ko takalmin kirki ba ta tsaya sawa ba.

Mahaifiyarta tana falo, ta tsufa ƙwarai, an rufa mata bargo a ƙafa. Da aka gaya mata ko ni 'yar wace ce sai ta kama hannuna ta ƙi saki. Ta ce ranar da za su tashi daga Gangare babu direban da ya yarda ya ɗauki kayansu, Baba ne ya kawo motarsa har ƙofar gida, ya yi lodi da hannunsa. Ni ban taɓa jin wannan labarin ba.

Wayar ta ƙi kunnuwa ko da aka sa ta a caji. Sista ta ɓalle bayanta, ta zaro ɗan memorin da tsinken gashi. Na sa shi a kwamfuta. Hotuna suka fito rututu, na bikin coci, na yara, na abokan aikinta. Muka yi ta wucewa. Sai ga rumfar, sai ga fararen kujeru. Na duba nauyin fayil ɗin, ya ninka duk waɗanda na tara nesa ba kusa ba. Na zuƙo gefen da Baba yake.

Ga tabon nan, fari, ya ratsa girar. Ga fatar idon da ta sauko. Ashe ma ba kyamarar yake kallo ba, wani yake kallo a gefe, bakinsa a ɗan buɗe kamar zai ba da amsar wasa. Na kifa kaina a kan teburin Sista na yi kukan da na kwana biyu ina riƙewa. Ba wanda ya hana ni.

Da na share fuska na tuna aiki bai ƙare ba. Samun asali abu ɗaya ne, isar da shi wayoyin mutane wani abu ne dabam, domin hanyar da ta cinye na farko ita za ta cinye wannan. Amma yanzu ina da abin da zan auna da shi. A falon nan na zauna. Na tura hoton gaba ɗaya zuwa wayar Sista, na kwafo abin da ya isa, na jera shi da asalin a ma'aunin tsari. Maki ya fito da yawa, kamar ba a yi asarar komai ba. Na zuƙo fuskar, tabon ya riga ya fara narkewa. Dalili a fili yake: rumfa da kujeru da bango su ne mafi yawan hoton, su kuwa ba su lalace ba, sai suka rinjayi lissafin. Na sauya tsarin, na sa ma'aunin ya bar komai ya duba kewayen idanu kawai. Nan take makin ya faɗo.

Daga nan na fara yanka. Na yanko fuskar ita kaɗai ta cika hoton, don tabon ya zama babban abu da matsa ba za ta raina ba. Na yi yanka iri-iri, wani da hula da kafaɗu, wani daga goshi zuwa gemu. Ban gyara komai ba, ban ƙara ko ɗigo ba. Na rubuta cigiya da lambar Yaya a ƙasa. Kowanne sai mun wahalar da shi yadda mutane za su yi: in tura wa Sista, ta ɗauki hoton fuskar wayarta, ta sa a shafinta, in sauke, in sake turawa. Bayan kowane zagaye in auna. Wasu tun a zagayen farko suke zubewa. Ɗaya ya jure. Muka sa shi a wata ƙaramar waya, Sista ta tsaya daga bakin ƙofa ta ɗaga wa mahaifiyarta. Tsohuwar ta ƙanƙance ido ta ce, "Shi ne. Ga ciwon idonsa nan."

Kafin in tashi na jera gyararren hoton fostarmu da asalin. A kewayen idanu makinsa bai ma kai na mai bulon ba. Na tura wa Yaya hotunan biyu gefe da gefe ban rubuta komai ba. Ya kira ya ce, "Turo sabon. Zan sa a cire waɗancan."

Sista ta ce in ba ta ita ma. Ina zaune ta tura shi guruf ɗin cocinsu, da na ma'aikatan jinya, da na matan ƙauyensu masu noma. A lokacin na lura cewa duk wahalar da muka sha, a rabin gari kawai muke nema.

Na ɗauka washegari za a kira. Ba a kira ba. Sabon hoton bai yi kama da kowa ba sai Baba, saboda haka wayar Yaya ta yi tsit. Waɗannan kwanakin sun fi na farko muni. Da can aƙalla muna fita, muna dawowa da gajiya. Yanzu sai zama. Yaya yakan duba wayarsa ya ga ko ta mutu ne. Wata rana ya ce mini, ba da faɗa ba, "Da wancan dai ana kira." Masu zuwa jaje suka fara sauya irin gaisuwar da suke yi, suna cewa sai haƙuri, suna sunkuyar da kai. Inna ta kwanta da zazzaɓi, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma inda za ta riƙa hango zaure. Ni kuma na koma buɗe kwamfuta ina sake auna abin da na riga na auna, don ban san me zan yi da hannuwana ba. Lambobin suna nan yadda suke. Ba su da abin da za su ƙara gaya mini.

Wata rana ana shirin sallar azahar kiran ya shigo. Yaya ya sa a lasifika. Muryar namiji ce, Hausarsa irin ta mutanen ƙauyukan bayan gari.

"Oga, kai ne mai neman baba? Akwai wani baba a gidana. Yarinyana ya nuna mini hoto a waya. Yana da ciwo a ido na hagu, a sama."

Yaya ya ce, "Yana da rai?"

"Yana da rai, amma yana tari sosai. Bai san sunansa ba. Kullum yana tambaya ko an gama lodi."

Inna ta tashi zaune ba tare da an kama ta ba.

Muka ɗauki shatar mota, muka biya muka ɗauki Sista, domin ta san yankin kuma tana jin yarensu. Muka bar kwalta muka shiga hanyar laka tsakanin duwatsu da gonakin dankali. Na ga wani kududdufi a gefen hanya, ruwansa kore, shiru, na kau da kai. Mutumin yana jiranmu a bakin shingen gidansa, manomi ne, ya manyanta, da takalmin roba har gwiwa. Ya ce ya tsinci Baba ne zaune kusa da buhunan dankalin da ya tara a bakin hanya, jiƙe sharkaf, babu takalmi, yana faɗa wai an bar mota tana jira. Ya kai shi gida, matarsa ta ba shi gwate mai zafi. Ya gaya wa mai unguwa, an yi sanarwa a coci, ba wanda ya san shi. Ɗansa ya ce ya ga wata fosta a kasuwa, amma mutumin ciki ba shi da tabo, sai suka bar maganar. Yadda Baba ya kai wannan nisa kuwa, har yau ba mu sani ba. Wataƙila wata motar kaya ya hau.

Yana zaune a ɗakin girki kusa da murhu, sanye da tsohuwar kwat ɗin manomin da hular ulu. Ya rame, gemunsa ya cukurkuɗe, an ɗaure masa ƙafafu da tsumma. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, ni ce." Ya dube ni da ladabi irin na baƙo, ya ce sannu. Sai ya ɗaga kai ya ga Yaya.

"Kai ne mai kayan? Tun yaushe nake jira."

Yaya ya ce, "Ni ne, Baba. An gama lodi. Tashi mu tafi."

Da haka ya yarda aka ɗauke shi zuwa mota.

Kafin mu tashi na roƙi 'yar manomin ta nuna mini hoton yadda ya iso wayarta. Ya bi hannaye da yawa, launinsa ya koɗe, gemun ya zama farin gajimare, amma tabon yana nan. Lambar wayar da ke ƙasa ce ta kusa tafiya. Yarinyar ta ce akwai lamba ɗaya da suka kasa bambancewa, sun fara kiran wani mutum dabam ya kashe musu waya, sannan suka sake gwadawa. Na auna ido, na auna gira, ban taɓa tunanin auna rubutun ba.

Daga can asibiti muka wuce. Sanyi ya shiga huhunsa, ƙafafun kuma sun yi ruwa. Ya daɗe a kwance, Sista tana leƙo shi in ta tashi aiki. Ya warke daga tarin, amma bai sake taka ƙafarsa ya wuce tsakar gida ba. Kwat ɗin manomin ya ƙi yarda a cire masa, in an wanke sai ya yi ta nema har ta bushe. Ni na koma makaranta a makare, na ƙara babi a aikina kan auna wuraren da mai kallo ya fi buƙata a hoto, fuska da rubutu, maimakon a haɗa komai a raba daidai. Malamina ya karanta, ya tambaye ni inda na samo hoton gwajin, na gaya masa.

Baba ya rasu kafin damina ta zagayo, a kan gadonsa, da rana, Inna tana gefensa. Ana cikin zaman makoki Yaya ya samu kira, ya fita mararraba ya shigo da manomin da matarsa. Sun zo da buhun dankali a bayan keke. Aka shimfiɗa wa mijin tabarma a zaure cikin maza, matar kuma na kai ta ɗakin Inna. Ba su taɓa haɗuwa ba. Suka gaisa, matar tana ta gyara ɗankwalinta.

Can Inna ta matso kusa da ita ta ce, "Baiwar Allah, kwanakin da ya yi a wajenku, yana cin abinci kuwa?"

Matar ta ce yana ci. Ta ce da farko ba ya karɓa daga hannunta sai mijinta ya zauna sun ci tare. Ba ya son yaji. Da safe yakan nemi ruwa ya yi alwala, su kuma ba su san inda ake fuskanta ba, sai da suka aika aka tambayo wani Bafulatani mai kawo musu nono.

Inna ta ce, "Sai kuma me?"

Matar ta gyara zama ta ci gaba. Na tashi na je in kawo musu ruwa.